Ranar da Na Murɗa Makullin

Ina ƙarama Baba ya tafi da ni gidan kafilinsa, wato Balaraben da yake yi wa aiki, a unguwar Ruwais, inda yake aikin lambu. Motar yankan ciyawa ta ƙi tashi. Ya ɗora ni kan kujerarta, ya buɗe kafireto ya ɗiga masa fetur.

"Yalla, ya binti, murɗa makulli."

Ina murɗawa wuta ta taso ta kama hannun rigarsa. Ina kallonsa yana birgima cikin ciyawa har wutar ta mutu. Ya taso yana ƙauri, ya riƙe fuskata da hannun da bai ƙone ba.

"Halas, ba ke ba ce. Kafireto ne."

Har yau in na ji warin fetur, sai na maimaita maganar nan a raina.