Masu Sauraren Ƙasa a Gonar Torkula

Ranar Litinin Dakta Zulkifilu, masanin kayan tarihi, ya kakkafa wasu ƙananan na'urori kamar turaku a gonar doyar Torkula da ke Adogi, ya ja waya daga jikinsu zuwa kwamfuta. Abokin aikinsa zai daki faifan ƙarfe da guduma, su kuma na'urorin su saurari yadda ƙasa ta amsa. Wai idan akwai ganuwar tsohon gari a binne, za ta nuna kanta ba sai an haƙa ba.

Dakta ya roƙi kowa ya ja baya, domin na'urorin nan ko takun akuya suna ji. Sannan ya toshe kunnuwansa saboda ƙarar guduma. Seember, matar Torkula, ta ajiye masa ruwan sha ta koma gida.

Torkula dai hankalinsa ya tashi. In aka ga ganuwar, hukuma za ta killace wurin, gonar nan kuwa ita kaɗai gare shi. Ga shi babu halin korar mutanen da suka zo da takardar izini.

Ita kuwa Seember sai ka ce surukanta ne suka sauka. Ta kwashi turminta ta kai tsohuwar bukkar da ke bakin gona, wai can ya fi sanyi, ta binne gindinsa a ƙasa don kada ya riƙa gocewa. Sakwara da rana, sakwara da yamma, Dakta na lashe yatsu yana sa albarka. Torkula ya ga rumbunsa na ramewa, ya tambaye ta ina aka taɓa kiwata wanda ya zo raba mutum da gonarsa. Ta ce a al'adarsu ta ƙabilar Tibi ba a barin baƙo da yunwa, ta ci gaba da fere doya.

Kwana goma ana dukan ƙarfe. Kullum Dakta ya zura wa kwamfuta ido, ya sosa ƙeya. Ya canja waya, ya zargi batir, ya zargi manyan motocin da ke wucewa can nesa. Ran da izininsa ya ƙare ya kira Torkula gefe.

"Baba, ƙasarka ba ta yin shiru. Ban ga komai ba sai hayaniya. Za mu gwada garin Ashige."

Torkula ya raka su har mota yana ta jajanta musu, fuska a yamutse. Motar na shan kwana ya dawo gida yana taka rawa da tsufansa, ya ce wa Seember yau kam shi za a daka wa sakwara, ta murna.

Ta buɗe masa tafin hannuwanta, duk sun yi bororo.

"Yau sai dai ka ci dafaffiya, Maigida. Kwana goman nan, duk sa'ad da suka ɗaga guduma ni ma sai na ɗaga taɓarya, kuma galibi ko doya babu a turmin."