Tulin Itacen Bayan Rumbu

"Baba, ka taɓa dukan wani don fushi?" in ji ɗalibar jami'ar. Tambayoyin auna zafin rai ne daga ƙasar Girka, ta kawo su Gummi gwaji.

"Ban taɓa ba."

Ta rubuta: mai sanyin hali.

Matarsa da ke tankaɗe a gefe ta murmusa. Ita ta san wutar da ke cikin mutumin nan. Tun aurensu, in ransa ya ɓaci, gatari yake ɗauka ya fita.

Ta dubi tulin faskaren da ya kere rumbu tsawo, ta shafa kuncinta da bai san mari ba.

"Alhamdu lillahi. Ɗiyata, tsaya ki ci tuwo. Itace ba ya ƙarewa gidanga."