Idon Inna

Mukhtar ya sake duba agogo. Motar albasarsa na jiran sa a Aliero, ga Inna ta kafe, ta ƙi zama gaban na'urar hoton ido.

Kwana uku tana kukan hazo-hazo take gani, har ya baro lodi ya kawo ta asibiti a Jega.

"Hajiya, ba ta taɓa ido," in ji likita. "Haske ne kawai ke ɗauko hoton jijiyar ciki."

"Ban yarda da wagga aba ba. Mukhtar shi fara zama in gani."

Mukhtar ya ja kujera yana huci, ya ɗora haɓa. "Kin gani? Ko ƙaiƙayi babu. Taso mu gama."

Likita ya daɗe yana kallon hoton.

"Malam, jijiyar idonka na hagu ta fara lalacewa. Hawan jinin ido ne. Tuƙi kake yi?"

Mukhtar ya waiwayi uwarsa. Har ta gyara mayafi, ta ɗauki jakarta.

"Ni idona garau yake," ta ce. "Tun damina nika miƙo maka fura ta hagu, ba ka gani sai na yi magana. Da na ce ka zo, zuwa za ka yi?"