Hayar Tsohon Sito

Karo na bakwai ke nan da Anti Tela ta hau matakalar sakatariyar ƙaramar hukuma da fayil a hammata, kuma karo na bakwai aka ce mata akwai takardar da ta rage.

Ba wani abin duniya take nema ba, hayar tsohon siton da ke bayan ofishin ruwa ce, kangon da awaki suka mayar wurin kwana. Kekunan ɗinki tara gare ta da ɗalibai mata goma sha huɗu, duk a cunkushe a garejin mijin yayarta. Shi kuwa ya sayi mota, ya ba ta zuwa ƙarshen wata ta kwashe kayanta. In siton nan bai samu ba, makaranta ta watse.

A da, in ji tsofaffin ma'aikata, shugaba kawai za ka gani ya sa maka hannu. Amma tun da wani shugaba ya sayar wa kansa motar kwashe shara a kuɗin keke, aka ɗaure ƙaramar hukuma tamau da ƙa'idoji. Ko kujera mai ƙafa uku ba a sayarwa sai kwamiti ya zauna. Fili ko gini kuwa, sai an liƙa sanarwa kwana talatin, kowa ya rubuta tayinsa ya rufe a ambulan ya jefa a akwati. Ɓarawon ya daɗe da tafiya abinsa, wahalar ce ya bar wa irin su Anti.

Suka ce ta kawo shaidar biyan haraji, ta kawo. Suka ce hoton da ta manna ya yi duhu. Ta sake wani, suka ce mai hatimi ya tafi ta'aziyya. Ranar da ya dawo, tawadar hatimin ce ta bushe. Anti mace ce mai haƙuri, amma ran nan sai da ta fita baranda ta share hawayen takaici.

A duk ginin mutum ɗaya ne yake kallonta da mutunci, akawun kadarori, wanda ake kira Malam Ba-komai don kalmar ba ta barin bakinsa. Shi ne ma ya fara yi mata zancen siton, ranar da ya kawo wando a rage masa tsawo ya ji tana kukan wuri. Shi yake gaya mata ƙofar da za ta buga da lokacin da mai ofis yake kan kujerarsa. Bai taɓa karɓar ko ruwan leda daga hannunta ba.

Saura kwana uku a rufe akwati aka ce sai ta kawo masu tsaya mata guda biyu. Ta watsa fayil ɗin a kan tebur, ta ce ta yafe, ta koma gareji.

Da tsakar rana sai ga Malam Ba-komai a kan babur, gumi sharkaf, fayil a hannu.

"Haba Anti, bayan an zo ƙarshe? Ba komai, ni zan nemo miki masu tsayawar. Wallahi in kika janye ba zan iya barci ba."

Kunya ta kama ta. Bare yana wahala a kan ɗalibanta haka, ita tana fushi? Ta zauna a kan teburin yanka ta ɗauki biro. Da ta zo gurbin kuɗin haya ta ɗaga kai ta dube shi.

"Kada ki cuci kanki," in ji shi. "Wa yake son kangon nan? Sa daidai kimar da hukuma ta yi masa."

Ta rubuta, yana tsaye a kanta yana gyara mata inda za ta sa hannu. Ta liƙe ambulan, ta bi shi da addu'a har babur ya sha kwana.

Ranar buɗe akwati ta sa ɗalibai suka fara kwance kekuna tun safe. Zauren taro kusan fanko ne, daga 'yan kwamiti sai ita, sai wata mata da ta zauna can baya.

Sakatare ya gyara tabarau ya karanta ƙa'ida da muryar mai jin barci. Ba a ba da hayar kadarar hukuma a kan tayi ɗaya tak, dole sai an samu masu nema aƙalla biyu. Sau uku ana tallar siton nan cikin shekara biyu, ambulan ɗaya ake tararwa, na mutum ɗaya, ana sokewa.

"Yau dai, alhamdu lillahi, biyu ne."

Ya farke na Anti ya karanta. Ya farke ɗayan. Tayin ciki ya ɗara nata da ɗan abin da bai kai kuɗin zare ba. Matar can baya ta miƙe ta je ta sa hannu, haya ta shekara goma.

Anti ba ta san yadda ta sauko matakala ba. A gindin bishiyar da ake ajiye babura ta tarar da Malam Ba-komai yana goge madubi, ta nufe shi don ta ba shi haƙuri, ganin wahalarsa ta tafi a banza. Kafin ta ƙarasa, matar ta zo ta wuce ta gefenta, ta tattare mayafi ta haye bayan babur ɗinsa ba tare da ta tambayi kowa ba.

"Abban yara, ja mu tafi," in ji ta, "mai fenti yana can yana jiranmu tun safe."