Mai Haɗa Wuta a Gidan Surukai

In ka ga mutum ya san sana'arsa kamar yunwar cikinsa, kada ka yi saurin cewa ya tsira, don ba rashin sani kaɗai ke kayar da gwani ba. Bari in ba ka misali.

An yi wani mai haɗa wutar lantarki, gwani na gaske, irin wanda in ya gama aiki ba a sake nemansa sai dai don gaisuwa. Da surukinsa ya tsufa, zafin bazara ya fara hana shi sakat, sai 'ya'yansa suka saya masa na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke kira esi. Wa zai kafa ta in ba mijin 'yarsa ba? Ya kafa ta yadda ƙa'idar sana'a ta ce. Injin waje ya zauna a bayan ɗakin tsohon, ta wajen tsakar gida, cikin kejin ƙarfe. A zaure kuma ya sa wata 'yar bireka ta musamman, wadda aikinta ɗaya ne tak: da zarar ta ji wuta ta bar hanyarta tana yoyo cikin ƙarfe ko jikin mutum, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Haka ake yi wa duk abin wuta da ke waje, inda ruwa ke dukansa, hannu kuma ke kai masa.

Aka yi shekara biyu lafiya lau. A bazara ta uku sai birekar ta fara faɗuwa, a tayar ta faɗi, a tayar ta faɗi. Aka aika wa mai haɗa wutar ya zo. Ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa ya gai da tsohon, wanda ya samu a zaure yana fifita, gumi ya jiƙe masa taguwa. Kallo ɗaya ya yi wa birekar ya san ba ita ce da laifi ba, ƙara take kawowa: wuta na yoyo a wani wuri. Abin yi shi ne ya shiga tsakar gida ya buɗe injin. To, amma surukarsa tana tsakar gidan da ƙannenta suna gyaran hatsi, shi kuwa shekara goma sha ɗaya da aure bai taɓa yarda sun haɗa ido ba. Ko ranar da ya kafa injin, sai da ya jira ta tafi biki ƙauye. Yanzu a ce ya tashe su daga aikinsu, ya naɗe hannun riga yana ta kai da komo a gabansu? Yana cikin wannan tunani tsohon ya ce, "Ɗana, a ɗan lallaɓa mana ita ta kai mu damina." Amsar gaskiya tana kan harshensa, wato a haƙura da zafi zuwa gobe. Sai dai wane ne zai buɗe baki ya ce wa uban matarsa a'a? Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Ya yanko guntuwar waya, ya tsallake birekar, ya haɗa wutar kai tsaye. Har da lallashin zuciyarsa da cewa ai ƙa'idar sa birekar nan soket take nufi, wato wurin cusa filogi a bango, wannan kuwa ba soket ba ne, alhali shi da bakinsa yake gaya wa abokan aiki cewa duk inda aka ja wuta a waje hukuncinsa ɗaya. Ya ƙudura zai dawo ranar Asabar ya duba. Sanyi ya buso, tsoho ya sa masa albarka har sau uku, ya fita yana jin daɗin ya rabu da su da mutunci.

Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta bi bayanta, don aikin da ba mai ƙorafi a kansa shi ya fi saurin fita a rai. Ruwan farko ya sauko wata Talata da azahar. Da aka ɗauke, tsohon ya ɗauki buta ya zagaya bayan ɗaki don alwalar la'asar, ba takalmi a ƙafarsa, ƙasa kuma a jiƙe. Da ya zo wanke ƙafa sai ya miƙa hannu ya dafa kejin, yadda tsofaffi ke dafa duk abin da ya fi kusa. Kafin a kai ga kashe wutar gidan, rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar uku mai haɗa wutar ya shiga tsakar gidan, ba wanda ya ko ɗaga kai ya dube shi. Ya buɗe injin. Ɓera ne ya gwaguyi waya ɗaya, tana taɓa ƙarfe, gyaran da ba zai kai minti goma ba. Nan ya durƙusa ya yi kukan da bai yi ba a maƙabarta. Ba wanda ya zarge shi, kowa cewa yake kwana ne ya ƙare, wutar nan ai ba ta da amana. Surukarsa ma ta aiko masa da godiya ta bakin matarsa, ta ce marigayin ya bar duniya yana yabonsa, yana cewa bai taɓa neman abu wurin yaron nan ya ji a'a ba. Ya so a ce zaginsa aka yi, da ya fi masa sauƙi. Wannan yabo shi ya hana shi sukuni har tsufansa, don ya san gaskiya ne, ya kuma san shi ne abin da ya kashe mutumin.

Shi ya sa Hausawa suka ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.