Ciyawar Da Ta Ja Igiya

Kin ce ɗanki ya daina cin tuwo sai kayan leda, ke kuma har murna kike yi wai yana ƙiba? To, gyara zama ki ji.

An yi wani mahaƙin rijiya mai 'ya'ya tagwaye, samari 'yan shekara goma sha shida. Ɗayan duk abin da uwarsu ta girka shi yake ci, kunun gero ne, ɗanwake ne, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ne. Siriri ne, har tsokanarsa ake yi da sillen kara. Ɗan'uwan kuwa in an ajiye masa kwaɗo sai ya ture kwanon ya ce, "Ni akuya ce da za a ba ni ciyawa?" Ya nufi teburin mai shayi, ya cika ciki da taliyar leda da biskit, ya kora da lemon kwalba. Ya yi ɓul-ɓul, kumatu har sheƙi suke yi. Uban ma ya ruɗu da wannan jiki, duk ranar da zai shiga rami shi yake damƙa wa igiya. A sana'arsu kuwa, ran wanda ke ƙasa yana hannun mai igiya.

Rannan da hantsi, uban yana can zurfin gaba ashirin cikin ƙasa, sai gefen ramin ya fara zubowa. Ya girgiza igiya sau uku, alamar a fito da shi maza. Mai kumatu ya ja, ya ja, ko gaba biyar bai kai ba jiri ya kwashe shi, igiya ta fara zamewa. Siririn yana gefe yana kwashe ƙasa. Ya yar da kwando, ya cafe igiyar, ya kafa dugadugansa. Ikon Allah! Yaron da kike ganin iska ma za ta kayar, shi ya dinga jawo ƙaton mutum gaba bayan gaba, tafin hannunsa ya saɓule, jini na bin igiya, bai saki ba. Uban na dafa bakin rijiya, ramin ya rufta a bayansa, rim!

Wallahi duk sanda na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ganyen da ke tsirowa a bayan gida, ko ban-ruwa ba ya nema, a ciki Ubangiji ya ɓoye ƙarfin da ya ceci rai. Da uwarsu ta kawo abincin rana uban bai yi faɗa ba. Mai kumatu ne ya sunkuyar da kai, ya miƙa kwano ya ce, "Inna, a zubo mini ciyawar nan."

Je ki duba abin da ɗanki ke zubawa a cikinsa, don wata rana ke ce a ƙarshen igiyar. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, da ruwan ciki ake jan na rijiya.