Marinin da Ya Daina Juya Rijiyarsa

Ka ce ƙaninka bai rasa komai ba, Tanimu, tunda kullum kuna aika masa da tuwo, kuna kuma ɗauke masa hidimar yara. To, madalla. Amma gyara zama in ba ka labarin wani marini, ka auna da kanka.

A wani gari an yi marinin da hannunsa ya yi suna. In ya tsoma zane a rijiyarsa ya fitar, shuɗin har ɗaukar ido yake yi. Ka san rijiyar rini ba ta son sakaci. In an zuba mata baba da toka, sai an riƙa juya ta da muciya kowace safiya, in ba haka ba ruwan ya mutu, wari kawai zai rage. Wata shekara matar marinin nan ta rasu. Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar arba'in, kowa ya ce masa sai haƙuri, kowa ya kama gabansa. Shi ma ya dawo marina. Sai dai ya zo ya zauna a bakin rijiya, muciya na jingine, har rana ta take bai taɓa ta ba. In an ce masa ina kwana, ya ce lafiya lau. In an ce ya ƙarin haƙuri, ya ce da godiya.

Abokan sana'arsa mutanen kirki ne, kada ka zarge su. Suka haɗa baki a kan su rufa masa asiri. Wannan ya yi sammako ya juya masa rijiya kafin ya iso, wancan ya karɓi zannuwan masu kawo masa aiki ya rina, ya shanya a wurinsa, a ce shi ya yi. Babu wanda ya tambaye shi komai, don a ganinsu tambayar magidanci abin da ke cin ransa rashin kara ne. Wata huɗu ana haka. Rijiyarsa ta fi ta kowa kyau a marinar, mai ita kuwa rigarsa ta fara yi masa yawa. Abin da ke ba ni haushi da mu ke nan. Mun iya ɗauke wa mutum aiki, amma mu zauna kusa da shi mu ji ta bakinsa, sai ka ce an ce mu haɗiyi tabarya.

Ran nan marinin ya ɗauki muciyar da ya gada wurin mahaifinsa, ya ba maƙwabcin rijiyarsa kyauta. Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara kamar mai shirin tafiya Makka, alhali lokacin aikin hajji da saura. Suka yi ta yaba masa, wai bawan Allah ya ƙara tsoron Ubangiji. Mutum ɗaya ne bai yaba ba, wani tsoho mai bugun zannuwa a rumfar da ke gefen marina. Ya ajiye aikinsa ya dube shi da kyau. Idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, murmushin kuwa a baki kawai ya tsaya. Ya ja shi gindin bango, ya zauna har kafaɗunsu na gogar juna, ya ce, “Malam, gaisuwa mun gama ta tun da safe. Yaushe rabonka da barci?” Marinin ya buɗe baki zai ce lafiya lau, sai hawaye. Da ƙyar ya ce shi dai ya gaji da duniya, kuma in babu shi ba wanda zai rasa komai, tunda ga shi ko rijiyarsa ma ba ta bukatarsa.

Tsohon bai ɗora masa wa'azi ba, bai kuma ce sammu ne ko iska ba. Ya ce, “Ciwo ne wannan, ɗan'uwa, kamar ciwon ƙirji, kuma akwai masu duba shi.” Bai bar shi ya koma gida shi kaɗai ba. A ranar ya raka shi asibitin garin, inda akwai ma'aikaciyar da ke zama da masu damuwa tana sauraronsu. Ta ba shi lokaci ya amayar da abin da ke cikinsa, ta haɗa shi da likita, ta sa masa ranar dawowa. Ta kuma ce wa tsohon ya gaya wa mutanen marina su daina yi masa aiki a ɓoye, su yi tare da shi, kuma in ya kawo zancen matarsa kada su kau da maganar. Sauƙi bai zo rana ɗaya ba. Wata ranar ya yi aiki, wata ranar ya zauna kawai, amma ba a ƙara barinsa ya zauna shi kaɗai ba. Kafin damina ta fita ya fara cin abinci da mutane, har yana tsokanar masu ƙarancin baba.

Da abokan suka ji inda mutuminsu ya kusa kaiwa, sai nadama ta kama su. Wanda ya fi kowa yi masa sammako ya dafe kai ya ce, “Wata huɗu ina leƙa ruwan rijiyarsa. Na san ranar da ya yi ƙarfi, na san ranar da yake son toka. Amma ko sau ɗaya ban ɗaga kai na dubi mai rijiyar ba.” Shi ya sa Hausawa suka ce, labarin zuciya a tambayi fuska.